Iya Inda Hannu Ke Kaiwa

Ranar Litinin ganye goma sha ɗaya ne suka yi rawaya. Ranar Talata suka zama goma sha tara. Auta ya tsuguna a bakin tafkin ya ɗago ɗaya da yatsa biyu, gefensa ya narke masa a hannu kamar takardar da ta kwana a ruwa.

Tafkin ba wani babban abu ba ne. Kwatamin siminti ne a ƙarshen lambun sayar da furanni, tsawonsa taku ashirin, faɗinsa taku biyar, ruwansa iya cinya, gefe ɗaya jingine da katanga. A cikinsa akwai kwanduna arba'in da biyu cike da laka, kowanne da tushen bado guda. A kusurwa an kewaye kainuwa da zoben tiyo don kada iska ta yi ta yawo da ita. Can ƙarƙashi kuma wata ciyawa ce mai siraran ganye kamar gashi, ba ta taɓa leƙowa waje, ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro suna ratsa ta. Wata bakwai ke nan da aka danƙa wa Auta wurin. Kafin nan aikinsa ɗura ƙasa a leda ne, daga safe har yamma, shekara biyu cur.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne maiƙon. In rana ta ɗan karkata sai ya gan shi, siriri, yana shimfiɗe a kan ruwa tsakanin ganyaye. Ruwan famfo ba ya zuwa da mai. Laka ba ta haifar mai. Wani ne ya kawo shi.

Yana nan tsugune ya ji takun takalminta. Mai lambun ce. Mai Tabarau suke kiranta in ba ta kusa, don ba ta duban mutum sai ta saman gilashi. Ta tsaya ta dubi tafkin daga wannan kai zuwa wancan, ba ta yi sauri ba.

"Me ke cin su?"

"Ina dubawa, ranki ya daɗe."

"Tun yaushe kake dubawar?"

"Kwana shida."

"Ni kuma sai yau nake gani da idona." Ta gyara tabarau. "Ranar Asabar masu sabon otal ɗin nan za su zo ganin bado. Talatin suke so. Ni ban san ruwa ba, shi ya sa na ajiye ka a nan. Zuwa Asabar ka gaya mini abin da ke cin su, ka kuma nuna mini ya tsaya. In ba ka sani ba, tsayuwarka a nan ba ta da amfani. Kawunka ya karɓi tafkin, kai ka koma kan leda."

Auta ya dubi hannunsa. Sai kwanan nan baƙin ƙasa ya gama fita daga ƙarƙashin farcensa.

"Mai ne," in ji shi. "Akwai mai a ruwan."

"Wa ke da mai a nan?"

Auta ya kauce wa idonta. Ya juya kai kawai. Taku goma daga tafkin, direban lambun na tsaye da bokiti yana wanke motar kai kaya, yana fito, ruwan sabulu na bin magudana da ta wuce ta gefen siminti.

Dama akwai 'yar tsama tsakaninsu. Wata uku da suka wuce Auta ya kama shi yana tsoma bokitin sabulu a tafkin don ƙyuyar zuwa famfo, ya kai ƙara. Tun daga ranar direban bai ƙara kiransa Auta ba, sai Sarkin Ruwa.

Mai Tabarau ta kira direban. Ta ce daga yau wankin mota sai can bakin ƙofa, kuma in har ta tabbata man motarsa ne ya shiga ruwan, to ya ajiye mata makulli a kan tebur.

Direban ya jira ta yi nisa, sannan ya tako da bokitinsa.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa. Talakawanka sun yi rawaya, ka rasa wanda za ka kama sai ni?"

"Magudanarka ta bi ta nan."

"Shekara huɗu tana bi ta nan. Sai da aka naɗa ka ta koyi tsallake siminti?" Ya zubar da sauran ruwan a ƙasa kusa da ƙafar Auta. "Ka san baƙin mai kuwa? In na zuba maka cokali ɗaya a nan, kifayen nan naka da safe duk ciki sama za ka same su. Kai dai ka ce ciyawa ta fi ƙarfinka."

Auta ya koma kan ganyensa. Amma maganar kifayen ta bi shi har gida.

Ranar Laraba motar ba ta zo ko kusa da tafkin ba. Magudana ta bushe ƙayau. Duk da haka da Auta ya iso ya tarar da maiƙo sabo, ganyen da jiya suke lafiya yau suna wani irin sheƙi mai nauyi. Kifaye na ta harkarsu. Kainuwa shar da ita, ganyenta masu gashi a tsaye, saiwarta na reto a ruwa. Ciyawar ƙasa ma ko gezau. Man da aka zuba a ruwa ba ya zaɓen wanda zai kama. Wannan ya zaɓi bado kaɗai.

Ya naɗe wando ya shiga. A tsakiyar tafkin ganyen kore ne, masu kauri. Ya yayyafa wa ɗaya ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara ya faɗa, ganyen ya zauna a bushe yadda aka halicce shi. Ya matso gefe ya shafa wani, yatsansa ya zame. Ya kifa shi. Ƙasansa tsaf, babu ko ɗigon mai. Ya shinshina yatsan. Ba warin gareji ba ne. Ƙamshin kicin ne.

Ya tsaya cikin ruwa ya dubi tafkin baki ɗaya, a lokacin ne ya ga abin da ya yi kwana bakwai yana kallo bai gani ba. Rawayan ya zagaye tafkin ta gefe uku kamar bakin zane. Gefen katanga, inda mutum ba ya iya tsayawa, babu ganye ɗaya da ya lalace.

Ya fito ya durƙusa a kan siminti ya miƙa hannu iya ƙarfinsa. Yatsunsa suka tsaya, rawayan ya wuce su da kamar taƙi ɗaya. Ya gwada a wani wurin, haka. Ya gwada a na uku, haka. Ba zuba man aka yi ba. Shafa shi aka yi, ganye bayan ganye, kuma mai shafawar ya fi shi tsawon hannu, ba ya kuma son jiƙa ƙafa.

Direban gajere ne, sai ya taka taya yake kaiwa gilashin mota.

Auta ya ɗaga kai ya dubi rumfar inuwa. Can ciki, tsakanin manyan tukwane, Kawu na sunkuye da tsumma a hannu.

Kawu yayan mahaifiyarsa ne, dogo, siriri, shekara ashirin da shida a lambun. Shi ya kawo Auta aiki da ya gama sakandare ya rasa abin yi. Rumfar inuwa tasa ce, inda ake ajiye shuke-shuken cikin ɗaki masu faffaɗan ganye. Kullum da safe yakan ɗiga man girki a ɗan ruwa, ya jiƙa tsumma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har su riƙa ɗaukar ido. Masu saye kan tambaya ko na roba ne. Shi ya koya wa Auta a makonsa na farko: "Saman ganye ake shafawa. Ƙasa ne hancinsa. Ka toshe masa hanci, ka kashe shi."

Da aka gina tafkin kowa ya ɗauka Kawu za a ba. Sai Mai Tabarau ta miƙa wa Auta takardar da ta zo da tushen badon, ya karanta, ya yi mata bayani har da abin da ya tuna daga darasin makaranta, ta ce shi ke nan. Kawu ya yi dariya a ranar ya ce ciyawar kududdufi ce, wa ke renon ciyawa. Bayan sati biyu ya zo da gwangwanin taki zai watsa a ruwan, Auta ya riƙe masa hannu a gaban ma'aikata ya ce, "Kawu, kar ka taɓa mini tafki." Tun daga nan Kawu bai ƙara zuwa wajen ba. Ko kuwa dai Auta bai ƙara ganinsa ba.

Kuma in Auta ya faɗi ranar Asabar, hannun wa tafkin zai koma?

Da yamma a gida mahaifiyarsa na ninke wanki a kan gado, shi yana zaune bakin ƙofa ya ƙi taɓa abinci.

"Inna, ƙarfe nawa Kawu ke zuwa lambu?"

"Ka tambaye ni, kai da kuke aiki tare? Makullin ƙofa ai a hannunsa yake. Gari na fara haske ya tafi." Ta kaɗe riga. "Me ya yi?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin nan naka ya fi komai yawa. Shekaranjiya ma ya biyo ta nan, ya zauna inda kake zaune. Ya ce an ba yaro tafki, an bar tsoho da tsumma."

"Haka ya ce?"

"Da dariya ya faɗa."

"Kawu komai da dariya yake faɗa."

Ta ajiye rigar ta dube shi. "Ka ji ni da kyau, Auta. Ko me ke cikin kan nan naka, ka tuna wanda ya riƙe hannunka ya kai ka wurin."

Ya tuna. Shi ya sa abincin ya ƙi shiga.

Ranar Alhamis ya riga rana fita. Bai bi ta ƙofa ba, ya haura ta inda katanga ta tsage, ya zauna bayan tarin buhunan taki, inda yake hango tafkin. Warin taki ya cika masa hanci. Furannin bado ba su buɗe ba tukuna, suna tsaye a kan ruwa kamar dunƙulen hannu.

Ya ji ana buɗe kwaɗon ƙofa. Kawu ya shigo ya jingine kekensa, ya shiga bayan rumfa ya ɗan jima. Da ya fito, gorar mai na hannun hagu, tsumma a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi ƙofa. Ya dubi ofis. Ya sake duban ƙofa. Sannan ya nufi tafkin da sauri-sauri, tafiyar wanda ba ya son a gan shi.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗaya. Ya jawo ganye, ya tallafe shi da tafin hagu, ya shafa da dama, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Ya sake shi ya jawo wani.

Auta ya bari sai da ya kai na biyar.

"Ina kwana, Kawu."

Gorar ta kusa faɗawa ruwa. Kawu ya cafe ta, ya juyo, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Kai ne? Yau kuma wa ya kore ka daga barci?"

"Me kake yi?"

"Ka ga me nake yi."

"Tun yaushe?"

Kawu ya matse tsumman. "Sati uku. Ranar da Mai Tabarau ta tsaya nan ta ce me ya sa ganyenka ba sa ƙyalli kamar nawa. Kai ba ka ji ba, kana cikin ruwa. Ni na ji. Na ce bari in ɗan gyara wa yaron nan fuska ba tare da ya sani ba."

"Da suka fara rawaya fa?"

"Sai na ƙara. Ganye in ya dushe mai yake so."

"Da aka ce direba ya ajiye makulli fa? Kana tsaye a bakin rumfa. Na gan ka."

"Ai ni ma shi na zarga. Na ce baƙin mansa ne ke cin su, bari in lulluɓe su da nawa ya kare su." Ya miƙe da ƙyar. "Wai tuhumata kake yi ne, Auta? Ni?"

"Ta ina bado ke shan iska?"

Kawu ya yi tsaki, ya sunkuya ya kifa ganye ɗaya ya nuna ƙasansa da yatsa. "Tambayar da ni na koya maka amsarta? Duba. Ko ɗigo ban sa a nan ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa toshe wa ganye hanci ba."

Auta ya zaro wuƙa daga aljihu. Ya yanko ganyen tare da dogon karansa, ya datse kan, ya nuna wa Kawu bakin yankan. Ramuka ne a ciki, manya da ƙanana, a jere. Ya tsoma kai ɗaya a ruwa, ya hura ɗayan. Kumfa ta taso ɓul-ɓul.

"Ƙasan ganyen nan a kan ruwa yake kwance dare da rana. Da hancinsa na nan da ya nutse tun ranar farko. A sama yake. Ta sama yake shaƙa, iskar ta bi ramukan nan har cikin laka, ta kai wa tushen. Tushen ba shi da wata hanya." Ya jefar da karan. "Inda kake shafawa nan ne hancin."

Kawu ya ɗauki karan daga ƙasa. Ya juya shi, ya leƙa ramukan da ido ɗaya, ya hura shi ma. Ya dubi kumfar har ta mutu. 

A nan ya kamata zuciyar Auta ta sauka, amma ba ta sauka ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida da ganye, a ce bai lura ba sati uku? Ga duban ƙofa, ga duban ofis, ga maganar tsoho da tsumma. Ga Asabar saura kwana biyu.

"Ko ka sani, Kawu, haka za ka yi shiru ka ce ba ka sani ba."

Kawu ya ɗago. Auta bai taɓa ganin fuskarsa babu ko alamar dariya ba sai yau.

"Don in karɓi tafkin."

"Ni ban ce ba."

"Ka ce, har ka gama." Ya rataya tsumman a kafaɗa. "Biyo ni."

Bayan rumfar akwai wani lungu inda ake tara fasassun tukwane, babu mai zuwa. Rana na samunsa ta sama. Kawu ya janye wani tsohon buhu da aka kare bakin lungun da shi. Baho ne na roba, babba, cike da ruwa, da kwando ɗaya a ciki. Ganye shida ne a kai, ko kuwa abin da ya rage na ganye shida. Sun wuce rawaya, sun yi baƙi, sun saki, maiƙo ya kwanta a kansu har yana taruwa a gefe. Babu ganye ɗaya a babban tafkin da ya lalace kamar waɗannan.

"Ka tuna kwando na arba'in da uku?" in ji Kawu. "Wanda ka ce tushensa ya mutu, ka jefa a shara?"

Auta ya tuna.

"Bai mutu ba. Na tsince shi. Wata biyar ina kallon yadda kake yi daga cikin rumfa, in zo nan in gwada. Sau ɗaya ya yi mini fure, fari, kwana uku yana buɗewa da safe yana rufewa da yamma. Ban nuna wa kowa ba. Wa zan nuna wa? In ce ga tsoho yana koyon renon ciyawa a ɓoye, don ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa hannu a gaban jama'a?" Ya tsuguna ya taɓa ganye ɗaya, ya rabu biyu. "Wannan nake fara shafawa kullum. Sau biyu, safe da yamma. Naka sau ɗaya kawai yake samu."

Auta ya daɗe yana kallon bahon. Ya tsoma hannu har gwiwar hannu, ya laluba cikin lakar, ya matsa tushen. Da sauran tauri.

"Bai mutu ba," in ji shi.

"Haka na gaya maka tun ɗazu."

"A'a. Yanzu nake nufi."

Aikin ya ci musu ranar duka. Auta ya shiga ruwa da almakashi, duk ganyen da yatsa ya zame a kansa ya bi karansa har ƙasa ya yanke. Kawu na bakin siminti yana shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan ruwa, su tsotse maiƙon, ya janye su ya shimfiɗa wasu. Suka saki famfo a hankali har ruwan ya tumbatsa ya kwashe sauran. Baro uku na ganye suka fitar. Da suka gama, tafkin ya koma tsibirin kore a tsakiya da kuma jikin katanga, gefe uku kuwa ruwa tsirara.

Direban ya biyo da makullin mota a yatsa yana juyawa. Ya tsaya ya kalla.

"Wane wanzami ne ya yi wa masarauta wannan askin?"

Auta ya fito daga ruwa. "Ba kai ba ne."

"Ban ji ba. Kunnen nan nawa baƙin mai ya toshe shi."

"Na ce ba kai ba ne. Na yi maka ƙazafi. Ka yi haƙuri."

"To wane ne?"

Auta ya sunkuya ya ɗauki almakashi. Direban ya dubi jaridun da suka jiƙe da mai, ya dubi tsumman da ke kafaɗar Kawu, ya dubi Kawu da ke ta faman tattara abin da ba ya bukatar tattarawa. Ya buɗe baki, ya rufe.

"Sati ɗaya," in ji shi. "Kai za ka wanke motar, can bakin ƙofa inda ka sa aka kore ni. Har ƙarƙashi."

"Na ji."

"Kuma a gabanta za ka maimaita abin da ka faɗa yanzu."

"Na ji."

Ranar Asabar Mai Tabarau ta zo tun kafin baƙinta. Ta tsaya a inda ta tsaya ranar Talata. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Na ce ka hana su mutuwa, sai ka ƙarasa su da hannunka?"

"Ki duba ƙasa, ranki ya daɗe."

Ta sunkuya. A ƙarƙashin ruwan, daga kwandunan da aka aske, wasu abubuwa jajaye na tasowa, a naɗe kamar takarda, wasu iya yatsa, wasu sun kusa taɓo sama.

"Sababbi ne. Tushen lafiya yake. Karan zai yi ta tsawo har ya kai sama, sannan ganyen ya buɗe. Kwana goma sun rufe ruwan. Sati biyu a iya ɗauka."

"Sati biyu. Ni kuma yau na ce wa mutane." Ta miƙe. "Me ya ci na farkon?"

Ya gaya mata. Ya yanko kara ya hura mata kumfa. Ya ce man girki ne aka shafa a saman ganye, ba man mota ba, kuma direba ba shi da hannu, shi ne ya yi gaggawar nuna shi. Direban na tsaye a gefe ya harɗe hannu yana gyaɗa kai kamar alƙali.

"Wa ya shafa?"

Auta ya dubi ruwa. 

"Da kai nake. In kai ne ka ce kai ne. In ba ka sani ba, to ba ka gama aikin da na ba ka ba."

Sai ga ƙarar baro daga wajen rumfa. Kawu ne ke turowa a hankali, ruwa na fantsama, bahon na ciki. Ya tsayar da shi a gabanta, ya zaro gorar daga aljihu ya ajiye a kan siminti.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Da hannun nan. Nawa na fara kashewa kafin nasa, ga shi nan. Yaron ya sani tun Alhamis, kunyata yake ji."

Ta dubi bahon, ta dubi gorar, ta dubi Kawu ta saman gilashi, tsawon lokaci.

"Shekara nawa kake nan?"

"Ashirin da shida."

"Kuma da na ce zan ba ka tafkin in ya kasa, ka san kai ne wanda zai gaje shi?"

"Da kin ba ni, da kafin wata ya mutu na shafe miki shi tas."

Dariya ta kufce wa direban, ya mayar da ita tari. Ita ba ta yi ba.

"Zan kira su in ce sati biyu. In sun tafi wani wuri, sun tafi, kuma zan tuna." Ta juya ga Auta. "Tafkin yana hannunka. Amma ranar da ka ƙara ganin ganye ya yi rawaya ka yi mini shiru kwana shida, ko ka nuna mini mutum da kai kafin ka tabbata, ledar ma ba za ka samu ba." Ta juya ga Kawu. "Kai kuma tunda hannunka na ƙaiƙayin tafki, Talata da Alhamis kana ƙarƙashinsa. Cikin ruwa, ba bakin siminti ba."

Ta tafi. Direban ya jefa wa Auta soso, ya ce mota na jira.

Kawu ya tsaya yana kallon ruwan. "Akwai matsattsaku a ciki?"

"Kaɗan."

"Kaɗan nawa?"

"Ba sa kama tsofaffi. Jinin ya yi musu ɗaci."

"Ka ji ɗan banza." Ya fara naɗe wando, ko da yake ranar ba Talata ba ce. "Ina za a sa nawa?"

Auta ya nuna tsakiya, inda hannu ba ya kaiwa daga kowane gefe. Kawu ya rungumo kwandon daga baho, laka na ɗiga a rigarsa, ya zura ƙafa ɗaya a ruwa ya ja numfashi. Kafin ya zura ta biyu Auta ya miƙa hannu ya zare tsumman daga kafaɗarsa, ya cusa a aljihunsa, ya ɗauki soso ya nufi bakin ƙofa.